Tsofaffin farantan sanholo: Kayan ɗakin iyaye mata da ke ƙarewa a kan sikelin 'yan gwangwan

A gidaje da dama na Gwandu da Kalgo a Jihar Kebbi, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, akwai wasu kaya da ba a cika fito da su ba sai ranar suna ko ɗaurin aure ko Sallah. Su ne manyan farantai da tasoshi da kwanuka masu murfi na sanholo, farin ƙarfen nan mara nauyi da ake kira alminiyam, wasu kuma su haɗa shi da sauran farin kwano su ce silba. Yawancin kayan sun shigo gida ne a cikin jeren uwa ko kaka, wasu kuma tsarabar aikin Hajji ne. A jikin waɗansunsu ana iya ganin sawun guduma da zanen ganye ko taurari da maƙeri ya buga da hannu.

A 'yan shekarun nan kayan suna fita daga gidaje ba tare da an lura ba. Kuloli da robobi da tangaran sun karɓe wurinsu a ɗakin amarya, su kuwa 'yan gwangwan suna bin unguwanni da sikeli suna sayen duk abin da ke da ƙarfe. Farantin da ya shekara 50 a gida, da zarar ya hau sikeli, kuɗin nauyinsa kaɗai za a biya, kuma ƙarshensa narkewa. Saboda haka ya kamata mai irin wannan kaya ya san abin da ke hannunsa, da yadda ake bambanta aikin hannu da na inji, da abincin da ya dace a zuba a ciki, kafin ya yanke shawarar sayarwa ko ajiyewa.

Yadda sanholo ya zama ƙarfen talaka

Sanholo baƙon ƙarfe ne idan aka kwatanta shi da tagulla da baƙin ƙarfe. Duk da cewa ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, ba a samunsa tsantsa, kuma raba shi da dutsen da yake ciki ya daɗe yana gagarar masana. A tsakiyar ƙarni na 19 yana cikin ƙarafa masu tsada, har an baje sandunansa a babban baje kolin birnin Paris na 1855 a matsayin abin mamaki. A 1884, da Amurkawa suka kammala doguwar hasumiyar tunawa da George Washington, da sanholo mai nauyin kusan kilo 2.8 suka rufe ƙololuwarta.

Abin ya sauya a 1886, lokacin da Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa ɓangaren, suka gano hanyar tace shi da wutar lantarki. Farashi ya faɗi, masana'antu suka shiga yin tukwane da kwanuka da shi. A Najeriya kamfanin Tower Aluminium, wanda aka kafa a 1959, yana cikin waɗanda suka cika kasuwanni da tukwane da kwanukan inji. Gwamnatin Tarayya kuma ta gina masana'antar tace sanholo ta ALSCON a Ikot Abasi da ke Jihar Akwa Ibom, wadda ta fara aiki a 1997 amma ba ta daɗe ba ta tsaya.

Dalilan da suka sa ƙarfen ya karɓu a gidajen Hausawa a bayyane suke. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin baƙin ƙarfe ko tagulla, don haka yarinya ma tana iya ɗaukar babban faranti a ka. Ba ya tsatsa, ba ya fashewa kamar ƙwarya ko akushi, kuma ba ya ɓarewa kamar fentin kwanon samira. Akwai kuma dalili na addini. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan malamai, ci da sha a cikin kwanon zinariya ko azurfa haramun ne. Sanholo yana da hasken azurfa alhali ba azurfa ba ne, don haka mai gida yana iya karrama baƙonsa da shi ba tare da wani ɗar-ɗar ba.

Alaƙar Gwandu da maƙeran Bida

A tsarin sana'ar ƙira ta Hausawa an raba maƙera gida biyu. Maƙeran baƙi su ne masu garma da fartanya da gatari da wuƙa, maƙeran fari kuma su ne masu aikin azurfa da tagulla da sauran ƙarafa masu taushi. Da sanholo ya iso, hannun maƙeran fari ya faɗa, domin dabarar da ake buga tagulla da ita ce ake buga shi.

Garin da ya fi suna da bugun farantai da tasoshi a Arewa shi ne Bida a Jihar Neja, inda maƙeran unguwar Tswata Mukun suka gaji aikin tagulla kaka da kakanni, daga baya suka haɗa da sanholo. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya Bida a cikin jerin biranen duniya da suka shahara da sana'ar hannu.

Ga mutanen Gwandu, Bida ba baƙon wuri ba ne. Bayan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya raba kula da daula tsakanin ɗansa Muhammadu Bello da ƙanensa Abdullahi, ɓangaren yamma ya koma hannun Malam Abdullahin Gwandu, kuma a tsawon ƙarni na 19 masarautun Nupe da Ilorin suna ƙarƙashin Gwandu. Malam Dendo, wanda zuriyarsa ke sarautar Bida har yau, daga ƙasar Kabi ya tafi Nupe. Malamai da manzanni da fatake sun daɗe suna kai-kawo tsakanin ƙasashen biyu tun kafin a san sanholo, kuma kasuwar Jega da ke maƙwabtaka ta kasance babbar mahaɗar fatauci. Don haka ba abin mamaki ba ne a tarar da farantin ƙirar Nufawa a ɗakin wata tsohuwa a wannan yanki, tare da na Kano da waɗanda alhazai suka zo da su.

Yadda ake buga faranti

Maƙeri yana farawa ne da falle na sanholo, ya yanke shi daidai girman da yake so. Idan tasa ce ko kwano, zai ɗora fallen a kan wani rami da aka sassaƙa a jikin kututture, ya riƙa bugawa yana juyawa har cikin ya zurfafa. Yawan bugu yana sa ƙarfe ya yi tauri, idan aka ci gaba a haka sai ya tsage, shi ya sa ake mayar da shi wuta lokaci zuwa lokaci domin ya sake laushi. A nan gwaninta take, domin sanholo yana narkewa a zafin digiri 660 a ma'aunin Salshiyas, kuma ba ya yin ja kafin ya narke kamar yadda baƙin ƙarfe ke yi. Wanda bai ƙware ba sai ya ga aikinsa ya zube a cikin wuta.

Bayan siffa ta fito sai ado. Maƙeri yana da ƙananan ƙarafa masu baki iri-iri, wani mai tsini, wani mai lanƙwasa, wani mai da'ira. Da su yake bin jikin farantin ɗaya bayan ɗaya yana bugawa da ƙaramar guduma har zane ya cika. A ƙarshe a naɗe baki domin ya yi ƙarfi kuma kada ya yanki hannu, sannan a goge.

Iri uku da ake rikita su

Kayan sanholo da ke gidaje iri uku ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce.

Na farko shi ne bugun hannu. Alamarsa ita ce sawun guduma ba ya zama daidai wa daida: wani ya fi wani zurfi, tazarar da ke tsakaninsu tana ɗan bambanta. Idan aka juya bayan farantin za a ga zanen ya ɓullo, domin bugun ya ratsa fallen. Sau da yawa da'irar ma ba ta cika cif ba.

Na biyu shi ne aikin inji. Shi zanensa yana maimaita kansa ba kuskure, fallen yana da sirantaka, kuma a kan kwanuka akan ga siraran layuka masu zagaye da injin juyawa ya bari. Wasu masana'antu suna buga sawun guduma na ƙarya domin kayan su yi kama da na hannu, amma daidaiton sawun ne ke tona su. A ƙarƙashi akan sami tambarin kamfani ko sunan ƙasar da aka yi shi.

Na uku shi ne zubi, wato a narkar da ƙarfe a zuba a cikin ƙirar yashi. Da wannan hanya ake yin manyan tukwanen biki da ludaya da wasu tasoshi. Kayan zubi suna da kauri da nauyi, jikinsu yana da ɗan kaushi da ƙananan ramuka, kuma akan ga layin da ɓangarorin ƙirar suka haɗu. Binciken masaniyar tarihi Emily Osborn ya nuna cewa wannan sana'a ta yaɗu a Afirka ta Yamma ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga Senegal zuwa sauran ƙasashe, ta hannun masu sana'a da ke yawon neman aiki.

Domin tabbatar da cewa ƙarfen sanholo ne, abu na farko shi ne nauyi, domin ya fi duk takwarorinsa sauƙi a hannu. Maganaɗisu ba ya kama shi, amma wannan kaɗai bai isa hujja ba, tunda ba ya kama tagulla da wasu nau'o'in farin kwano na zamani. Idan aka ɗan kankare wani ɓoyayyen wuri a ƙarƙashi aka ga rawaya, to tagulla ce aka yi wa rufin fari.

Abin da ya faru da irinsu a Amurka

Abin da ke faruwa da waɗannan kaya a nan ya taɓa faruwa a wani wuri. A Amurka, daga shekarun 1930 zuwa na 1950, farantai da kwanukan sanholo na bugun guduma sun zama kyautar aure da aka fi yayi, domin a lokacin matsin tattalin arziki mutane ba sa iya sayen azurfa. Har laƙabi aka yi musu da azurfar talaka. Kamfanin Wendell August Forge da aka kafa a 1923 a Jihar Pennsylvania yana cikin waɗanda suka fara, sannan wasu irin su Arthur Armour da Everlast da Rodney Kent da Buenilum suka biyo baya.

Da roba da farin ƙarfe mara tsatsa suka shigo, sai aka daina yayin su, aka tura su ɗakin ajiya, da yawa kuma aka zubar. Bayan wasu shekaru masu sha'awar kayan da suka dawo suna nemansu, aka rubuta littattafan da ke bayanin tambarin kowane kamfani, kuma har yau ana cinikinsu. Abin da masu sayen ke dubawa shi ne tambarin maƙeri, da ingancin bugu, da lafiyar kayan. A nan kuma akwai bambanci mai muhimmanci: maƙeran Arewa galibi ba sa buga sunansu a jikin aiki. Tarihin farantin yana bakin mai shi ne kawai, idan ta rasu ba a tambaye ta ba, ya tafi ke nan.

Lissafin sikeli

Ɗan gwangwan ba ya zaluntar kowa idan ya biya kuɗin nauyi, domin shi ƙarfe yake saye. Sanholo yana da kasuwa saboda sake narkar da shi yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kacal na makamashin da ake buƙata wajen tace sabo. Amma lissafin yana nuna asarar mai sayarwa. Farantin da faɗinsa ya kai santimita 50, kaurinsa milimita ɗaya da rabi, nauyinsa bai wuce giram 800 ba, wato ko kilo ɗaya bai cika ba. Kwanakin da maƙeri ya yi yana bugu, da shekarun da kayan suka yi a gida, duk ba sa hawa sikeli.

Lokacin da aka fi yin wannan asara shi ne wajen rabon gado. Kayan ɗaki mallakin mace ne, idan ta rasu suna shiga cikin abin da magada za su raba. Sau da yawa akan tattara tsofaffin kwanuka a yi musu kuɗi a dunƙule domin a sauƙaƙa lissafi. Hanyar da ta fi ita ce a ware na bugun hannu daban, a nemi wanda ya san kaya ya ƙiyasta su, sannan magajin da ke so ya ɗauka a cikin rabonsa da yardar sauran. A haka an kiyaye haƙƙin kowa, kuma kayan sun tsaya a cikin dangi.

Masu tunanin sayarwa zuwa ƙasashen waje su sani cewa dokar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba. Dokar ta shafi aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, da kuma wanda ke da muhimmancin tarihi kuma aka yi amfani da shi a bukukuwan gargajiya. Yawancin kayan sanholo sun zo bayan wannan shekara, amma tsofaffin tasoshin tagulla da kayan gidajen sarauta suna iya faɗawa ciki.

Abincin da ya dace da wanda bai dace ba

Sanholo yana da wani siririn rufi da iska ke samar masa, wanda ke kare shi daga lalacewa. Abu mai tsami da abu mai kanwa duk suna cinye wannan rufi. Saboda haka bai dace a bar kunun tsamiya, ko soɓorodo, ko lemon tsami, ko miyar tumatir, ko fura da nono su daɗe a cikin tsohon kwanon sanholo ba, balle su kwana. Haka abincin da aka sa wa kanwa, wanda ke sa kwano ya yi baƙi. Gishiri mai laima kuma yana huda ƙananan ramuka a jikinsa.

Abin da ya fi dacewa da waɗannan farantai shi ne busasshen abu: dabino da goro da alkaki da nakiya da dubulan da cincin da ƙuli-ƙuli, ko masa da soyayyen nama da za a ci nan take. Babban faranti kuma yana iya ɗaukar kwanukan abinci ko kofunan shayi ba tare da abincin ya taɓa shi ba.

Game da lafiya, kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙayyade a 2011 cewa jiki yana iya jure miligiram 2 na sanholo a kan kowane kilo na nauyin mutum a mako. Zuba busasshen abinci a faranti ba ya kusantar wannan adadi. Masu ciwon ƙoda ne suka fi buƙatar taka-tsantsan, domin ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki.

Babban haɗarin yana wajen kayan zubi. A wasu wurare ana kiran tukunyar zubi da tukunyar dalma, kodayake sanholo ne asalin ƙarfenta, sai dai sunan bai yi nisa da gaskiya ba. Masu zubi suna narkar da duk abin da suka samu, har da sassan injin mota da lagireto, kuma wasu daga cikin waɗannan suna ɗauke da dalma. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen da ake zubawa a Kamaru ya gano cewa suna sakin dalma idan aka tafasa abu mai tsami a ciki. A 2023 ƙungiyar Pure Earth ta gwada kayayyakin kasuwa a ƙasashe 25, ciki har da Najeriya, ta tarar kimanin rabin kwanuka da tukwanen ƙarfe da ta gwada suna da dalma fiye da ƙima. Mutanen wannan shiyya sun san illar gubar dalma tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, kodayake can daga haƙar zinariya ta fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a ce ba ya cutarwa, kuma yara ƙanana da masu juna biyu ne suka fi shiga haɗari.

Wannan ya ƙara nuna illar sayar da tsohon faranti. Bugun hannu yana buƙatar falle mai taushi, wanda galibi daga masana'anta yake fitowa. Idan aka sayar da shi aka narkar tare da tarkacen inji, ƙarfe mai kyau ya gauraya da mara kyau, kuma yana iya dawowa gida a matsayin tukunyar dafa abincin yara.

Wanki da ajiya

Al'adar goge kwano da toka da yashi ko soson ƙarfe tana sa shi ƙyalli na ɗan lokaci, amma kowace guga tana cin zanen, har ya shafe. Ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi da tsumma mai laushi sun wadatar, sai tsohon buroshin haƙori domin lungunan zane. Idan kwanon ya yi baƙi, a zuba ruwan zafi da ɗan lemon tsami na 'yan mintuna, a ɗauraye sosai, a goge ya bushe nan take. Kada a kusantar da shi ga sodar yin sabulu ko ruwan bilic, domin suna cin sanholo.

Wajen ajiya, a sa tsumma ko takarda tsakanin faranti da faranti, a nisanta su da laima, musamman da damina. Idan wani ya lotsa, gara a kai wa maƙerin fari da a buga shi da dutse a gida, domin tsohon falle yana saurin tsagewa. Wanda ya riga ya huje ko ya yi ramuka da yawa, a daina zuba abinci a ciki, a bar shi a matsayin ado.

Abin da iyali za su iya yi

Kalgo, da ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega, ta cika da ma'aikata da ɗalibai tun bayan kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, Gwandu kuma gari ne da aka san shi da riƙon tarihi da rubuce-rubucen malamai. Duk garuruwan biyu suna da waɗanda za su iya yin aikin da ya rage, kuma aikin ba ya cin kuɗi. A ɗauki hoton kowane faranti gaba da baya da waya. A tambayi tsofaffin gida wace ce ta zo da shi, a wane aure, daga wace kasuwa aka sayo, a zamanin wane sarki. A rubuta amsar a takarda a ajiye tare da kayan. Iyalin da ba su da wurin ajiya kuma suna iya tuntuɓar gidajen tarihi, irin su Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, kafin su kira mai sikeli.

Ga 'yan kasuwa kuma, maƙeran Bida da na Kano suna nan suna aiki, kuma ana iya ba su odar farantai domin kyautar biki ko ta ban-kwana da ma'aikaci, a roƙe su su buga sunansu da shekarar aikin a ƙarƙashi. Da wannan ɗan tambari, wanda zai gaji farantin nan da shekara 50 zai san wanda ya ƙera shi da lokacin da aka yi.